Haƙarƙarin Ranar Al'adu

Lahadi, 2 ga Nuwamba, bayan Magariba

Na taso daga asibiti ƙafafuna kamar ba nawa ba, na wuce hawa na huɗu in ɗauko yarinyar. Tun daga bakin lif ƙamshin ya tare ni. Wasilatu ta sake dafa haƙarƙarin ragon nan nata.

Bari in rubuta ko wace ce ita, ko zuciyata ta ɗan yi sanyi. Maƙwabciyarmu ce, gidanta ne a saman namu a nan unguwar Al Mirqab, a Doha. 'Yar Zangon Kumasi ce, mijinta injiniya, 'ya'yanta maza biyu suna karatu a can Ghana. Ba ta fita aiki. Tun da baban yarinyar ya kwashe kayansa ya koma garin Al Wakrah, wai ya fi kusa da wurin aiki, ita ke ɗauko ta daga makaranta, ta yini a wurinta har in tashi daga duti. Ni na roƙe ta. Da ƙafata na hau na roƙe ta, kada in manta da wannan.

Na same su a kicin. Yarinyar na zaune bakinta duk maiƙo, Wasilatu na goge mata da gefen zaninta tana cewa, "Jannat, Jannat, ka ci ka ƙoshi, yaro na." Hausar Zango ke nan, mace ma "kai" ce. Da can abin dariya yake ba ni. Yau ko murmushi ban yi ba.

Sunan nan a bakinta sai ka ce alewa take tsotsa. Ni kuwa 'yata ce ta fari, ba na kiran sunanta, ba na yabonta a gaban mutane, ba na jawo ta jikina ana kallo. Haka aka tashe mu a Zariya. "Ke" nake cewa, kuma ta san da ita nake.

Ta ce, "Umma, ki ɗanɗana, ƙashin da kansa yake zarewa."

Na ce na ƙoshi. Tun shayin safe ba abin da ya shiga cikina.

Talata, 4 ga Nuwamba, da safe

Mma Wasila ta ce kaza, Mma Wasila ta yi kaza. Kafin ta gama ɗaure takalmi kunnena ya cika. Ban san yaushe aka tashi daga Anti aka koma Mma ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, bayan La'asar

Yau na tashi da wuri, na je makaranta da kaina. Da ta hango ni sai ta leƙa bayana tukun, tana neman wata.

A mota take gaya mini za a yi ranar al'adu a makarantarsu, ranar Alhamis, nan da mako biyu. Kowane yaro zai zo da mahaifiyarsa da abinci, a jera tebura, ƙasa ƙasa. Ita ce za ta yi jawabin Najeriya. Ta ce, "Na riga na gaya wa malama Mma Wasila za ta zo da haƙarƙari, tunda ke kina duti."

Na ce, "Wa ya ce miki ina duti?"

"Kullum kina duti, Umma."

Ba da rashin kunya ta faɗa ba, shi ya sa ya fi ciwo. Na ce teburin Najeriya ne ko na Ghana? Ta juya tana kallon titi. Na ce ni zan zo, ni zan dafa.

"Haƙarƙarin?"

"Shi fa."

Ta kalle ni irin kallon da nake yi wa majinyacin da aka yi wa aiki jiya ya ce yau zai iya tafiya shi kaɗai. Da ta ce tuwo take so, ko dambu, ko waina, da ido rufe zan yi. Amma ta riga ta cika wa ƙawayenta baki da haƙarƙari, kuma ni ba zan tsaya a teburin nan da abin da ya gaza na matar can ba.

Kishi nake yi. Ga shi nan na rubuta. Mace da girmana, nas guda, ina kishi da maƙwabciya a kan ƙashin rago.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, da yamma

Na sayo tukunyar. Irin ta Wasilatu ce sak, ta lantarki, wadda ake jonawa a bar ta tana dahuwa a hankali yini guda. Na zaɓi wadda ta fi tata girma.

Na buɗe ɗan littafin da ke cikin kwalin, shafin farko hoton haƙarƙarin alade ne yana ƙyalli. A'uzubillahi. Na yage shafin na tura shara, na wanke hannu. Sai da na zauna neman bayanin awa nawa nama ke yi, na gane a bayan shafin nan yake. Motar shara kuwa ta riga ta zo.

Bene ɗaya ne tsakanina da wadda ta san amsar. Ba zan hau ba.

Kularta ma tana nan tun Laraba da ta aiko mana da shinkafa. Ba a mai da kwano haka nan, ni kuma kullum dabinon kanti nake zubawa a ciki. Na tabbata dabinon da na tara mata ya isa buɗa-bakin masallaci.

Asabar, 8 ga Nuwamba, bayan Isha

Na je unguwar Bin Omran wurin mahaucin nan Basudane, ya sara mini haƙarƙarin rago mai kyau, mai ɗan kitse. A bakin shagon na ci karo da Malam Dogara, direban da ke kai mu filin jirgi. Ya ce, "Hajiya Rakiya, ya maigida?" Na ce yana lafiya. Ya ce madalla, ya sunkuyar da kai irin na wanda ya ji labari. Garin nan da faɗinsa, amma Hausawan cikinsa kamar a tsakar gida ɗaya muke.

Na wanke nama, na zuba albasa da attaruhu da citta, na cika ruwa kamar zan yi farfesu. Na jona. Shiru. Ba tafasa, ba ƙara, ba komai. Na buɗe na juya. Na koma falo, zuciyata ba ta kwanta ba, na dawo na buɗe na ɗanɗana. Haka na yini ina safa da marwa tsakanin kujera da kicin. Ni ban taɓa ganin girkin da ake juya wa baya ba. Tukunyar malalata ce, wallahi.

Har aka kira Magariba nama na nan da taurinsa, yana iyo a ruwa fari sol. Yarinyar ta leƙo ta ce, "Mma ba ta buɗewa fa. Rufewa take yi, khalas, ta tafi abinta."

Na ce to ki je ki gaya wa Mma na gode da darasi. Ta ja baya. Indomi ta ci ta kwanta.

Bai kamata in yi mata tsawa ba.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da yamma

Babanta ya kira. Sun daɗe suna hira da ita. Bai ce a ba ni ba, ni ma ban miƙa hannu ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba, bayan Magariba

Ina ma ƙasa ta tsage ɗazu.

Jiya na tuna da ƙullin kanwar da na zo da shi daga gida. A gidanmu in nama ya yi gardama, ɗan gutsuren kanwa ake jefa masa ya sauko. Na ce yau za mu ga ƙarshen taurin kai. Da asuba na jera sabon haƙarƙari, na rage ruwa, na jefa kanwa, na ƙara wata don ta ji da kyau. Na rufe na tafi. Yini guda ina wod ina ba da magani, hankalina na kan tukunya. Har Sister Fausiya ta ce, "Rakiya, yau lafiya kike murmushi ke kaɗai?"

Ina buɗe ƙofar gida wani wari ya buge ni, kamar an dafa sabulun salo. Naman ya narke ya zama baƙin kunu, ƙasusuwan sun fito tsirara suna kallona. Kanwar da ake ba minti kaɗan a kan wuta, ni na ba ta yini cur.

Ban kai ga zubarwa ba aka buga ƙofa. Wasilatu ce ta sauko da yarinyar, wai ta ga na makara. Ta shaƙi iska ta wuce kicin kai tsaye, kamar gidanta.

"Ayya, Rakiya! Ka sa kanwa ne? Wannan tukunya ba ya son kanwa, ba ya son ruwa. Albasa kawai ka shimfiɗa a ƙasa, nama zai kawo ruwan shi da kan shi. Gobe ka hawo in nuna maka."

Da dariya ta yi mini da ya fi sauƙi. Sai ta naɗe hannun riga ta kama kankare mini tukunya. Yarinyar na tsaye a bayanta, ta riƙe gefen mayafinta, ta kasa kallona. Kunya take ji a madadina, kuma a jikin wata ta ɓoye fuskarta.

Na ce, "Bar shi, Wasila, zan wanke." Ta ce ai mun zama ɗaya. Ni ban san lokacin da muka zama ɗayan ba.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, da safe

Ban hau ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, bayan La'asar

Ranar babanta ce. Ya zo ya ɗauke ta bayan masallaci, a ƙasa ya tsaya ya yi hon. Na leƙa ta labule. Ya rame, ko kuma rigar ce ta yi masa yawa. Ba ruwana.

Da ya dawo da ita tana riƙe da leda babba. Na ji tafiyarta a bene, na miƙe zan buɗe ƙofa, sai na ji ta wuce sama. Kifi ne ɗanye daga bakin ruwan Al Wakrah, wai a kai wa Maman Ghana, a ce ya gode da kula da yarinya.

Ya gode da kula da yarinya.

Ni da na yi naƙudarta kwana da yini a garin da ba ni da kowa, ko a gaishe ki ba a aiko mini ba. Kowa ya san hanyar hawa na huɗu yanzu, har shi.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da hantsi

Na jiƙa kibiya da man kitso, na ce yau zan yi mata shuku na ranar al'adu. Ta cire ɗankwali. An riga an yi mata, ƙanana siri-siri irin na Ghana, har da duwatsu a jela. Ya yi kyau. Abin haushin ke nan, ya yi kyau ƙwarai.

Ta ce, "Umma, ya yi?"

Na ce ba laifi.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, bayan Magariba

Na kira Inna a Zariya. Ta ɗauka ta ce, "Ke ce?" Ni ma 'yar fari ce, ban taɓa jin Rakiya a bakinta ba. Ta tambayi aiki, ta tambayi zafi, ta tambayi "'yar mutanen", wato jikarta. Maigida kuwa ba ta tambaya ba, na san an kai mata labari.

Na ce, Inna, in kina son nama ya yi zaƙi-zaƙi da ɗan tsami me kike sawa? Ta ce tsamiya mana, da zuma kaɗan, kuma kada a manta daddawa. Ta ce me ya kai ni girkin biki ni kaɗai a ƙasar mutane. Na ce makaranta ce ta nema. Na so in gaya mata sauran, bakina ya yi nauyi. Muka yi sallama kamar kullum, a gajarce.

Talata, 18 ga Nuwamba, bayan Isha

Alhamdulillahi! Alhamdulillahi!

Tun jiya na cuɗe haƙarƙarin da citta da masoro da kanumfari da tafarnuwa da daddawa, ya kwana a firij. Da asuba na shimfiɗa albasa a gindin tukunya, na jera shi a tsaye, na yayyafa jiƙon tsamiya da zuma, ko ɗigon ruwa ban ƙara ba. E, maganar Wasilatu na bi. Ba sai na gaya mata ba. Na sa a ƙaramar wuta, na rufe, na yi bisimilla, na fice ban waiwaya ba.

Da na dawo ƙamshin har bakin lif. Namu lif ɗin, hawa na uku. Na ɗaga ɗaya a hankali, ƙashi ya zare ya bar nama a cokali. Na tura shi oben ya ɗan yi ja, na barbaɗe da yajin ƙuli.

Ta ci, ta ƙara, ta lashe yatsu. Ta ɗago ta ce, "Umma, wannan ya fi na..." sai ta katse maganar. Wallahi na so ta ƙarasa. Na so in ce faɗi, ya fi na wa? Na so in jawo kanta in ɗora a ƙirjina, da kitson Ghanan da komai. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Je ki wanke hannu kada ki ɓata mini kujera."

Na cika kular Wasilatu taf na ba ta ta kai sama. Yau dai ba dabino. Na tsaya a ƙasan bene ina saurare. Na ji matar ta ce, "Ei! Maman ka ya fi ni!" tana dariya da gaske, har da tafi. Ko ɗan haushi ba ta ji ba. Mutum ya yi gasa da wanda bai san ana yi ba.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da rana

Fausiya ta karɓi dutina na gobe. Na sayo nama mai yawa, na goge atamfata. Wasilatu ma za ta je, yarinyar ta gayyace ta. Wai ba da abinci ba, kallo kawai.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, bayan Azahar

Tukunyar ta dawo wayam, har romon an side. Ba zan rubuta komai ba yanzu.

Alhamis, bayan Magariba

Gidan shiru. Gara in rubuta.

Komai ya tafi yadda na so. Layi aka yi a teburinmu, Larabawa, Indiyawa, Turawa, har shugaban makarantar ya dawo neman ƙari. Wasilatu na gefe tana miƙa faranti kamar 'yar aiki, ni ce a gaban tukunya. Yarinyar ta hau dandamali da leshinta, ta yi jawabi da Turanci ta rufe da Hausa, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Aka yi ta tafi. Daɗi ya cika ni, na sunkuya ina gyara cokulan da ba su karkace ba.

Ta sauko da gudu ta zo ta tsaya kusa da ni, kafaɗarta na taɓa hannuna. Ni ta zo wa. Ba ta je can ba.

Sai ga Dakta Bilqis, likitar yara, 'yar Katsina, da wasu matan namu. Ta ce, "Rakiya, wannan taki ce? Masha Allah! Ga kai, ga nutsuwa, ga kyau. Kin iya haihuwa, kin iya tarbiyya."

Duk suka zubo mini ido suna murmushi. Kunya ta rufe ni, bakina ya yi abin da ya saba ji tun ina ƙarama. Na ce, "Wa? Wannan? Me ta iya ban da surutu. Ai ba tawa ba ce, 'yar Wasilatu ce, ga uwarta nan."

Matan suka yi dariya, don sun san kara ce. Dakta ta ce, "Kai, Zage-zagi da alkunya!" Kowa a wurin ya gane, ban da mutum ɗaya. Ita a Doha aka haife ta. Hausa take ji kalma da kalma, abin da aka faɗa shi ta ji.

Kafaɗar nan ta bar hannuna. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki jakarta ta zagaya bayan tebur, ta ce wa Wasilatu, "Mma, yalla, mu tafi gida." Wasilatu ta kalle ni, a karon farko tun da na san ta ba dariya a fuskarta.

Mako uku ina jin kamar in haɗiyi zuciya kada matar nan ta karɓe mini 'ya. Ba ta karɓa ba. Ni na miƙa mata, a gaban jama'a, da bakina.

Ina jin tafiyarsu a saman kaina. Ba ta sauko ɗaukar kayan barci ba.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, da hantsi

Babanta ya yi hon a ƙasa ya gaji. Ta aika a ce masa ba ta jin daɗi.

Juma'a, bayan La'asar

Na hau. Ba kula a hannuna, ba dalili, haka na buga ƙofa.

Wasilatu ta buɗe ta ce, "Yaron ka bai ci komi ba tun jiya. Na yi mishi jollof, ya ƙi. Na ce mishi al'adan ku ne, bai amsa ni ba. Ka shiga, yana ɗakin yara na, su Sagiru." Ta koma kicin ta jawo ƙofa, ta kunna famfo da ƙarfi don kada ta ji mu. Na lura da wannan. Ban so in ji na gode mata ba, amma na ji.

Tana kwance ta juya wa ƙofa baya, da leshin jiya a jikinta. Na tsaya a bakin gado. Na shirya magana tun daga bene, duk ta gudu.

Ita ta fara, fuskarta a bango. "Mma ta ce wai kunya ce. Wai in mutum yana son 'yarsa ta fari sai ya ce ba tasa ba ce."

Na ce haka ne.

"Wai ke ma haka Inna take yi miki."

Na ce haka ne.

Na zaci ta gama. Sai ta ce, "To ke da ake yi miki, kina jin daɗi?"

Ba wanda ya taɓa yi mini tambayar nan, ni ma ban taɓa yi wa kaina ba. Famfo na ta zuba a kicin.

Na ce, "A'a. Ba na ji."

Ba ta juyo ba. Ta dai matsa can jikin bango, ta bar wuri a bakin katifar. Zanin gadon ƙamshin turaren Wasilatu yake yi, har filon. Na cire takalmina na zauna.